Zuciyar Mai Jego a Allon Likita

Wanda ya baro Kano ta Gusau ya iso Sakkwato cikin bazara, zafi ne ke fara yi masa sannu da zuwa. Na bar ziyarar Hubbaren Shehu sai wani jiƙon, na nufi asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke titin Garba Nadama, inda ake ɗaukar hoton zuciya.

A nan ne a 2007 likitoci biyu, Isezuo da Abubakar, suka ba da rahoton cewa cikin kimanin haihuwa 100 ana samun mace guda da zuciyarta ke raunana a jego. Ba kasafai ake jin adadi irin wannan a duniya ba. Tun shekarun 1970 wasu likitoci, Davidson da Parry, suka bayyana cutar a Zariya, suka ɗora zargi kan kunun kanwa da wankan jego da kwanciya bisa gado mai zafi. Binciken baya-bayan nan, wanda Farfesa Kamilu Ƙaraye na Kano ya jagoranta, ya fi karkata ga talauci da ƙarancin abinci mai gina jiki.

Matar da na gani a asibitin ta zo da haki da kumburin ƙafa, jaririnta a bayan kakarsa. "Malama, ki kwanta bisa hagu," in ji likita. Ya shafa mata man sikanin, ya kafa kan na'urar ɗaukar hoton ƙasa da nono, tsakanin haƙarƙari biyu.

Sauti ne na'urar ke aikawa, ya bugi abu ya dawo. In abin yana motsi, muryar sautin kan sauya, ka'idar da Christian Doppler ya bayyana a 1842. Jini na gudu har mita guda a daƙiƙa, amma amsa-kuwwarsa ba ƙarfi. Tsokar zuciya kuwa tafiyar hawainiya take, wajen santimita 10 a daƙiƙa ga mai lafiya, sai dai amsarta da kauri. Likita kan umarci na'urar ta yi watsi da jinin ta saurari tsokar.

Nan gizo ke saƙa. Na'urar ba ta auna komai daidai sai motsin da ya fuskance ta. Karkacewar digiri 60 kan zaftare rabin gudun, shi ya sa ake son kada ta wuce digiri 20. Ga kuma matacciyar tsoka da lafiyayyar maƙwabciyarta ke ja, ta bayyana kamar tana aiki. Na ga likitan ya matsa da hannunsa kaɗan, lambar da ke allo ta canja. A ganina hannun nan ya fi tsadar na'urar muhimmanci.

Ya sa ta riƙe numfashi, ya sake aunawa, sannan ya rubuta. Ya juya ga tsohuwar: "Inna, a rage mata gishiri, kanwa kuma a dakata." Tsohuwar ta gyara goyo, ta ce ita da kanwa ta yi jegon 'ya'yanta duka.