Wai Walker kwamfuta ce?

Wallahi yau raina ya ɓaci. Ɗazu a wurin mai cajin waya wani yaro da ko gemu bai fito masa ba ya leƙo wayata, ya ga ina kallon Walker, Texas Ranger, ya kwashe da dariya: "Baba, ai duk kwamfuta ce, tsoho ba ya ɗaga ƙafa haka." Kwamfuta kuma!

Ku da kuka san ni tun ina riƙe da gidan kallo nan Tajaye kun san ba da ka nake magana ba. Kaset daga Ƙonni nake sayowa, galibi na Faransanci, wani lokaci na Turanci da ya tsallako daga Sakkwato. In zaren ya cuɗe sai in sa biro in naɗe shi, gurub yana ta ƙara bayan zana, yara sun kwanta rub da ciki suna leƙe ta ƙasa. Mutumin da na shekara da shekaru ina haskawa shi ne yau za a ce mini ƙarya ne?

To bari in gaya muku. An haifi Chuck Norris, wanda ya fito a Walker, a 1940. Yana sojan sama aka tura shi Koriya ta Kudu, can ya koyi faɗa, ya dawo Amurka ya ci kambun karate a 1968, tun fim bai san da shi ba. Shi ne ya kara da Bruce Lee a Way of the Dragon a 1972. Da tashar CBS ta fara nuna Walker a 1993 yana da shekara 53, kuma haka ya yi ta juya ƙafar nan har 2001, kashi wajen 200. Na yarda akwai masu tsaya wa ɗan wasa a wurin faɗowa daga bene ko tsalle daga mota, kowane fim yana da su. Amma wanda ya ci zakarun duniya a fili, me zai roƙa wurin kwamfuta?

Abin da ya fi ci mini rai, yaran ba su san wahalar da aka sha ba. Kamfanin Cannon da ya fara shirin kuɗi suka ƙare masa bayan ƴan kashi kaɗan, aiki ya tsaya cak, sai da CBS ta sa hannu aka ci gaba. A Texas ɗin aka ɗauka, yankin Dallas, cikin rana da ƙura. Ƙaninsa Aaron Norris yana cikin manyan masu shiryawa, waƙar buɗe shirin ma Chuck ɗin ne ya rera da bakinsa, ko da yake muryar dai, a bar wa Allah. Clarence Gilyard, baƙar fatar nan da ya fito a Trivette, ya rasu a 2022. Na rubuta a nan lokacin, ƙalilan ne suka kula.

Na san wasu za su ce: dattijo da furfura yana kare fim ɗin Nasara, bai da aikin yi. Ku faɗa. Ban ce ibada ba ce, kuma kun shaida ana kiran salla nake kashe gurub, ko da Walker na tsakiyar dukan ɓarawo. Amma shiri ne da uba zai zauna da ɗansa ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Mai sayar da ƙwaya ya sha kashi, ya kwana a gidan kaso, shi ke nan. Ku buɗe wayoyin ƴaƴanku yau ku ga abin da ake tura musu a kat memuwar, sannan ku zo ku yi mini wa'azi.

Wanda ke son gani ya zo da wayarsa bayan la'asar in tura masa. Na Faransanci ne, kuma hoton ya ɗan dushe, kada wani ya dawo yana mini ƙorafi.