Kukan sarƙa a injin tsohuwar Peugeot: a saurare shi tun mota tana gida

Yau zancen mota na kawo muku, wato tsofaffin Peugeot 404 da 504. Sun ragu, amma ba su ƙare ba. Ranar kasuwa za ka ga bashe ta fito daga ƙauye da buhunan hatsi da wake, mutane a bisa, awaki a baya. A 1960 aka fara fitar da 404 a Faransa, 504 ta biyo baya a 1968, kuma kamfanin PAN na Kaduna ya yi ta haɗa 504 tun shekarun 1970 har zuwa shekarun 2000. Ke nan ko wadda ta fi ƙuruciya a cikinsu ta doshi shekara 20. Injin da ya kai haka, duk ƙarar da ya yi magana ce.

Na yi shekaru ina yaron mota a 504 ɗin kawuna mai shan fetur, kuma abin da ya fi dagewa in koya shi ne kukan sarƙa. Masu zuwa Kano na ce mata taimin cen, masu Faransanci su ce shen ɗin distirbisiyo. Tana gaban inji, cikin murfin ƙarfe, bayan fanka. Ita ke haɗa kiransha na ƙasa, wanda fistoci ke juyawa, da kamsha mai buɗe bawul yana rufewa. Kiransha ya juya sau 2, kamsha ya juya sau 1. Muddin lissafin nan bai kauce ba, wuta na zuwa kan lokaci.

Sarƙa ba ta zama a ɗame da kanta. Akwai wani ɗan ƙarfe mai takalmin roba da ke tokare ta, ana ce masa tandar. Da sifirin a cikinsa, amma ƙarfinsa na gaske daga baƙin mai yake samu: famfo ya turo mai ta wata ƴar siririyar kafa, man ya tura takalmin, takalmin ya danne sarƙa. In mai ya yi datti ko ya yi ƙasa, tandar ya yi sanyi, sai sarƙa ta kama bugun murfi, kacau-kacau, kamar tsakuwa cikin gwangwani.

Kawu kan tada mota da asuba, ya ce, “To yaro, mi ka ji, kuma yaushe ka ji shi?” Lokacin da ƙara ke zuwa shi ne rabin gane ciwon. In ta zo da tashin farko, ta yi daƙiƙa 2 ko 3 ta ɓace, mai ne ya sauka cikin dare bai iso wa tandar da wuri ba. A duba sandar mai, a duba filta, don filta maras kyau ba ta riƙe mai. In kuwa ƙarar ta tsaya bayan inji ya yi zafi, tana nan a silo, ta ɗan lafa in an taka totur, to sarƙa ta saki, ko tandar ya fito iyakarsa, ko famfon mai ya gaji.

Sai dai ba kowace ƙara ce ta sarƙa ba, kuma nan kuɗin mutane ke salwanta. Tik-tik daga saman inji, a jere, galibi bawul ne ke son gyaran tazara, aikin da bai kai a kwance gaban inji ba. Bugu mai nauyi daga ƙasa, wanda ke ƙaruwa in mota ta ɗauki kaya ko ta shiga yashi, wannan na kiransha ne, ya fi na sarƙa muni. Famfon ruwa da dinamo su ma a gaba suke, suna ruɗa kunne. Don haka a cire fambel, a tada inji na ɗan lokaci kaɗan. In ƙara ta ɗauke, sarƙa ba ta da laifi. In tana nan, a ɗora bakin doguwar sukudireba kan murfin sarƙa, a kanga kunne a ƙotarta, a yi hattara da hannu da riga.

Akwai gwajin da ba ya cin ko dala. A kashe mota, a buɗe hular delko, a sa sifana a kan kiransha, a juya gaba kaɗan, sannan a dawo baya a hankali ana kallon ɗan yatsan da ke tsakiyar delko. Kamsha ne ke juya shi. In kiransha ya yi tafiya mai yawa kafin yatsan ya motsa, wannan ratar sakin sarƙa ne.

Abin da ya sa nake wannan dogon bayani, akwai wani maƙwabcinmu mai bashe da kawu ya ce wa, “Malam, sarƙarka na kuka, ka buɗe ta kafin kaka.” Ya kai ta wani gareji, aka zuba masa mai mai kauri, ƙara ta lafa, aka karɓi kuɗi. Mai mai kauri toshe kunne kawai yake yi, da sanyin safiya ma ya fi daɗewa kafin ya isa tandar. Ba a yi wata biyu ba, cikin dare, ya ɗauko wani yaro maras lafiya daga wajen Kanambakashe zai kai shi asibiti Mayahi. Sarƙa ta tsallake haƙori, mota ta yi tari ta mutu, aka tura har aka gaji. A amalanke aka ƙarasa da yaron. Allah ya sa da sauran kwana, amma wahalar da uwarsa ta sha a daren nan, ta Allah ce kawai.

In an tabbatar sarƙa ce, a canza ta tare da gurayen haƙora biyu da tandar. Sarƙa ba miƙewa take yi kamar igiya ba, ƙusoshin gaɓoɓinta ne ke cinyewa, kuma suna cinye haƙora tare da su. Sabuwar sarƙa a kan tsofaffin haƙora ba ta daɗewa. A wanke kafar man tandar, a daidaita alamomin da ke jikin gurayen kafin a rufe, kuma a tuna irin wannan tandar a kulle ake ɗaura shi, sai an sake shi zai kama aiki. Kayan kuwa, ko daga Maraɗi aka sayo ko daga Ƙofar Ruwa ta Kano, a tafi da tsohon a gwada, a ƙirga gaɓoɓi.

Maganin da ya fi duka sauƙi shi ne juyen mai kan lokaci. Ƙurar hunturu da yashin Gulbin Kaba ba sa raga wa inji. Mai cire filtar iska wai mota ta numfasa, da mai sayen baƙin man kwalba da bai san asalinsa ba, kasa suke ɗura wa sarƙa.

Ƴan kabu-kabu, da ku ma nake. Baburan da yawa suna da irin wannan sarƙa da tandar ɗinta, kuma kukan iri ɗaya ne. Ku matsa kusa da tsofaffin makanikai na tasha tun suna nan, ku koyi sauraro. Gobe da asuba, kafin ka kunna rediyo, ba injinka minti ɗaya.

Allah ya tsare hanya, ya sa a sauka lafiya.