Zamanin da Rauta Ke Buga Waya

A shekarun 1990, ofishin da ba shi da ƙarfin biyan layin intanet na dindindin sai ya haɗa rautarsa, wato na'urar da ke tura saƙonnin kwamfutocinsa waje, da layin tarho, ta modem ko ta ISDN. Ita rautar ce ke buga waya da kanta idan saƙo ya taso, ta kuma katse idan ta ji shiru. A na'urorin Cisco, duk aikin mai saitawa ya tattaru ne a wuri guda: ya rubuta jerin saƙonnin da suka isa a buga waya dominsu. Imel ya isa, buɗe shafi ya isa, sauran su jira.

To, a nan gizo ke saƙa, domin rautoci akwai surutu. Tsarin RIP yana sa kowace rauta ta karanta wa maƙwabtanta hanyoyin da ta sani duk bayan daƙiƙa 30. OSPF kuwa gaisuwa yake aikawa duk daƙiƙa 10. Shi kuma agogon da ke jiran shiru kafin a katse kira, idan ba a taɓa shi ba, daƙiƙa 120 ne. Da zarar mai saitawa ya bar wannan hirar cikin jerin, agogon ba zai taɓa cika ba. Layi ya kwana a buɗe, ofis a kulle, ba kowa sai maigadi, kamfanin waya yana ta ƙirga minti. Ba a farga sai bil ya zo. Kwamfutocin Windows ma ba a bar su a baya ba, sukan ta da kira cikin dare wajen cigiyar junansu.

Masana sun kawo gyara. A 1995 takardar RFC 1793 ta ba OSPF damar daina gaisuwar bayan an saba, ya yi shiru sai in wata hanya ta canja. Cisco kuma ta fito da dabarar karɓar hanyoyi a ɗan lokaci, a daskarar da su har zuwa kira na gaba.

Ni dai a ganina, ƙaramin ofis bai buƙaci ko ɗaya ba. Ƙofar fita guda gare shi, layi guda ya isa a rubuta da hannu: duk abin da ba na gida ba ne, bi ta nan. Waɗanda ke da layin haya sukan ajiye ISDN a gefe, su ɗora wa hanyarsa lamba mai nauyi, don kada rauta ta waiwaye ta sai ranar da babban layin ya yanke.