Robar Kan Babur da Hannun Yayana



Da yawa daga cikinmu a kan babur muke zuwa makaranta. A birnin Kano an hana ɗaukar fasinja a babur tun shekarar 2013, amma a nan garinmu har yau acaɓa ce motar kowa. Idan kun lura, in ɗan acaɓa ya tsaya a bakin get ko a mararraba, sau da yawa za ku ga ya saki kan babur yana yarfa hannu, ko yana buɗe yatsu yana dunƙulewa. Wasu suna zaton gajiya ce kawai. Ni dai na san abin ya fi gajiya, domin Yayana ɗan acaɓa ne, kuma da kuɗin acaɓar nan ake saya mini littattafai da yunifom, har da kuɗin tara da nake zuwa da shi.

Tun wajen damina Yaya ya fara kukan hannunsa na dama. Ya ce idan ya wuni yana aiki sai ya ji kamar tururuwa na yawo a cikin yatsunsa, wani lokaci kuma kamar ana tsira masa ƙananan allurai. Daga baya abin ya fara tashinsa cikin dare. Wata rana da safe kofin koko ya suɓuce daga hannunsa, shi kuma ya ce bai ma ji lokacin da ya suɓuce ba. Inna ta ce sanyi ne, ta dafa masa citta da kanumfari. Wani abokinsa ya ce sammu ne saboda ya fi su samun fasinja. Yaya dai dariya ya yi, amma ni na ga dariyar ba ta kai ciki ba.

Abin da ya ba ni tsoro shi ne, hannun dama shi ne mai riƙe totur, kuma shi ne mai matse birkin gaba. Mutumin da kofi ya suɓuce masa bai sani ba, yaya za a yi idan akuya ta faɗo titi yana ɗauke da ɗalibai biyu a baya? Wannan tambayar ce ta sa na fara bin diddigin maganar.

Kawuna yana da ɗan shagon kayan babur a bakin kasuwa, kuma ranar Asabar da Lahadi ina taya shi zama. A can na gane cewa abin da muke riƙewa a kan babur ba iri ɗaya ba ne. Kan babur ɗin kansa bututun ƙarfe ne. Robar da aka zura a ƙarshensa ta hagu da dama ita ce kaɗai take tsakanin tafin hannu da ƙarfen. A shagon Kawu akwai kusan kala huɗu. Akwai baƙar roba mai tauri wadda ta fi arha. Akwai mai laushi wadda idan ka danna da babban yatsa take lotsawa ta dawo. Akwai ta soso mai kauri. Sai kuma 'yar gayu, wadda aka yi da goran ruwa mai ƙyalli, ja ko shuɗi ko ruwan gwal, da 'yan ɗigo-ɗigon roba a jiki. Ita wannan ta ƙarshe ita samari suka fi saya, kuma ita ce a babur ɗin Yaya. Ja ce, kuma gaskiya tana da kyau idan rana ta haska ta.

Kafin in faɗi wadda ta fi, bari in faɗi inda jijjigar take fitowa, don malamin kimiyyarmu ya yi mini bayani da na tambaye shi bayan darasi. Baburan da ake acaɓa da su, irin su Boxer da ake ƙerawa a Indiya da Jincheng na ƙasar Sin, silinda ɗaya gare su. A cikin silindar akwai fistin da yake hawa yana sauka. Yawancin motoci suna da silinda huɗu ko fiye, idan wani fistin ya hau wani yana sauka, sai su rage wa juna girgiza. Shi kuwa fistin ɗaya ba shi da abokin da zai tare shi, duk motsin da ya yi sai jikin babur ya ji, daga nan ya bi ƙarfe ya hau har kai. Malam ya ba ni lissafi. Ya ce a ɗauka injin yana juyi 3,000 a minti ɗaya, raba da 60. Na samu 50. Wato sau 50 a daƙiƙa ɗaya. Da na koma gida na ƙara lissafawa da kaina, na ga a awa ɗaya sau 180,000 ke nan. Yaya kuwa yana fita bayan asuba, ba ya ajiye babur sai an yi isha'i, in ban da lokutan salla da cin abinci. Ga kuma ramukan titi da gargada, waɗanda su ba su cikin lissafin.

Malam ya kuma zana mini hannu a bayan littafina. Ya ce akwai jijiyoyin da ke kai saƙo daga yatsu zuwa ƙwaƙwalwa. Ɗaya tana bi ta wata 'yar matsattsiyar hanya a tsakiyar wuyan hannu, ita ce mai kula da babban yatsa da manuniya da na tsakiya da rabin yatsan zobe. Ɗayar tana bi ta gefen tafin hannu, ita ce mai kula da ƙaramin yatsa da ɗaya rabin yatsan zoben. Idan aka danne su na tsawon lokaci, ko aka yi ta jijjiga su, sai saƙon ya rikice, shi ne mutum yake jin tururuwa ko allura, ko hannun ya sage gaba ɗaya. Kamar dai yadda ƙafa take yi idan mun daɗe a zaune a ƙasa a Islamiyya. Bambancin shi ne ita ƙafa da ka miƙe ta warware, amma wanda ake yi wa haka kullum shekara da shekaru, jijiyar tana iya lalacewa ta ƙi dawowa daidai. Ya ce sanyi yana ƙara abin, saboda ƙananan hanyoyin jini na yatsu suna tsukewa. Ashe Inna ma ba ta yi nisa da gaskiya ba.

Da na kai wa Kawu wannan bayanin sai ya ce, "To ai shi ya sa nake gaya wa yayanka ya cire wannan jan ƙarfen, ya ƙi ji. Ƙarfe a kan ƙarfe, me zai tare?" Ya ɗauko guda biyu, ya ce in riƙe mai ƙyallin a hannu ɗaya, mai laushin a ɗayan, ya zura sanda a cikin kowace ya ƙwanƙwasa ƙarshen sandar da sifana. Wallahi bambancin a fili yake. A mai ƙyallin bugun yana zuwa har gwiwar hannu. A mai laushin kamar an sa matashi a tsakani.

Sai dai laushi kaɗai ba shi ne komai ba, kuma nan ne na fi jin daɗin maganar Kawu. Ya ce kauri ma abin dubawa ne. Idan robar ta yi siriri, sai mutum ya dunƙule hannu sosai kafin ya riƙe ta, kuma duk yadda ka matse, haka jijjigar take ƙara shiga jikinka. Idan kuma ta yi kauri da yawa, yatsu ba za su zagaye ta ba, kuma kai hannu ga libar birki zai yi wuya. Don haka wadda ta yi wa Yaya daidai, mai manyan hannuwa, ba lallai ta yi wa wani ba. Shi ya sa nake mamakin masu aiko yaro da kuɗi a ce "a ba shi robar kai." Wa yake aike a sayo masa takalmi bai faɗi lambar ƙafarsa ba? Ta soso tana da daɗin riƙo kuma tana shanye jijjiga sosai, amma tana shan ruwa da damina, tana shan gumi da bazara, kuma ba ta daɗewa take fara ɓarewa. Baƙar mai arha kuwa, idan ta sha rana wata da watanni sai ta bushe ta koma kamar ƙaho, ta yi santsi. Da zarar ta yi santsi dole mutum ya ƙara matsewa don kada totur ya zame, ka ga an koma gidan jiya. A ganina mai laushi mai matsakaicin kauri, wadda take da zane-zane da ke kama tafin hannu, ita ce ta mai neman abinci. 'Yar gayu a bar wa mai zuwa zance.

Akwai wani abu da ban taɓa sani ba sai a shagon. Robobin nan biyu ba girmansu ɗaya ba ne. Na auna da rular da ke cikin masset ɗina. Ƙarfen kan babur faɗinsa milimita 22 ne, ramin robar hagu daidai da shi yake. Ta dama raminta ya fi faɗi kaɗan, saboda ba a kan ƙarfen take zama ba, a kan bututun totur mai juyawa take zama. Wanda bai sani ba yana iya wuni yana fama da ta hagu a dama.

Ranar da Yaya ya yarda ya zo, bai zo da fara'a ba. Ya ce, "Kawu, yanzu wannan baƙar abar zan maƙala? Ai sai babur ɗin ya koma na tsofaffi." Kawu ya ce, "Kai da babur ɗin wa ke ciyar da gida? In hannun ya mutu, jan ƙarfen ne zai je ya ɗauko fasinja?" Yaya ya yi shiru ya miƙa makulli.

Makaniken da ke gefen shagon ne ya yi aikin, ni ina miƙo kaya. Ya goge ƙarfen tas, ya sa ɗan gam a gefen hagu ya tura robar da sauri. A dama ya yi a hankali don kada gam ya shiga tsakanin bututun totur da ƙarfe. Ya ce kada a kuskura a shafa baƙin mai ko giris don ta shiga da sauƙi, domin wata rana za ta zame a hannun mutum yana tsakiyar gudu. Da ya gama sai ya murɗa totur ya saki har sau uku, yana kallo ko zai koma da kansa. Ya ce idan robar ta gogi ƙarshen kai totur ya maƙale, wannan ya fi ciwon hannu haɗari.

Bai tsaya nan ba. Ya ce roba tana rage jijjiga ne, amma idan babur ɗin kansa ba shi da lafiya, ko auduga aka naɗa a banza. Ya duba notukan da suka riƙe inji, ya samu ɗaya ya yi sako-sako, ya ɗaure. Ya duba sarƙa da wilin gaba da shokozoba. Ya ce iskar tayar gaba ta yi yawa, wai 'yan acaɓa suna cika ta don su rage shan mai tun da aka cire tallafi a 2023, to amma taya mai tauri kowane tsakuwa sai ta aiko da shi hannu. Ya kuma ɗan sunkuyar da libar birki da ta kuloci ƙasa kaɗan, yadda wuyan hannun Yaya zai miƙe ba tare da ya lanƙwashe ba. Ya nuna mana wasu ƙarafa masu nauyi da ake ɗaurawa a ƙarshen kai don rage rawarsa, amma Yaya ya ce sai wani watan. Duk abin da aka kashe a ranar bai kai ko kusa da kuɗin taya ɗaya ba.

Yanzu wata biyu ke nan. Ba zan ce ya warke sarai ba. Tashin dare ya ragu sosai, kuma ya koyi sassauta riƙo, yana kuma sa safar hannu da sanyin safiya tun da hunturu ya shigo. Amma har yanzu manuniyarsa da na tsakiya suna ɗan sagewa idan ya yi doguwar tafiya ranar kasuwar ƙauye. Malam ya ce lallai ya je asibiti a duba shi, domin akwai wasu cututtukan, kamar ciwon suga, da su ma suke sa hannu ko ƙafa su sage, kuma roba ba ta maganinsu. Inna ta sa shi gaba da maganar, ya yi alkawarin zuwa ranar Litinin mai zuwa, ni kuma an ɗora mini aikin tuna masa.

Jajayen da aka cire suna cikin jakata, Kawu kuma ya ara mini mai laushi guda ɗaya har ƙarshen mako. Duk wanda babansa ko yayansa ke tuƙa babur kuma yake son ya riƙe ya ji bambancin da hannunsa, ya same ni a aji 2B lokacin tara.