Mai ban ruwa da wayarsa

Wanda ya bi titin Kano zuwa Zariya da rani, ya ga shinkafa da alkama da tumatir sun yi shar daga Kura har Kadawa, zai ɗauka noman nan aikin taron jama'a ne. Ranar dashe da ranar girbi haka ne. Amma tsakaninsu akwai makonni masu tsawo da gona take hannun mutum ɗaya. Ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, yana biyowa ta Ruwan Kanya ya shiga babban kanal, sannan ya rarrabu cikin ƙanana. Wanda gonarsa take ƙarshen layi sau da yawa ba ya ganin ruwa sai dare, bayan na gaba sun ƙoshi. Dole a bar wani ya kwana yana jira.

A shekarun da na yi ina kula da ma'aikatan wata gonar shinkafa a wajen Bunkure, ba kukan da na fi ji daga masu gonaki irin na waya: wai ta lalata yaran nan. Kuma suna da hujja. Na ga fangalin da ya cika ya ɓalle, ruwa ya tafi da takin da aka zuba jiya, mai ban ruwa yana zaune a bukka yana kallon TikTok. Sai dai yaron nan, ranar dashe, in yana cikin 'yan uwansa ana raha, wayar tana aljihu har la'asar. Ba ya nemanta sai an bar shi shi kaɗai.

Da yawansu 'yan ci-rani ne, daga Jigawa ko Katsina ko Nijar, ba su da kowa a garin. Na taɓa tambayar ɗaya abin da yake saurara har tsakar dare. Ya ce, "Maigida, saƙon muryar innata ne nake ta maimaitawa. In na kashe, ba abin da ya rage sai kwaɗi da sauro." Wani wa'azi yake ji, wani fim ɗin Hausa. Irin wannan ban taɓa hanawa ba. Wanda yake tayar mini da hankali shi ne wanda ya daina zuwa cin abinci da mutane, gaisuwarsa ta gajarce, kuɗin ƙwadagonsa yana ƙarewa a data ko cacar ƙwallo. Wannan ba lalaci ba ne, kaɗaici ne ya ci ƙarfinsa. A 2018 Birtaniya har minista ta naɗa kan matsalar kaɗaici, mu kuwa a bakin kanal ko sunanta ba ma ambata.

Ƙwace waya ba ya maganin komai. Masu yin haka kan wayi gari yaro ya tattara kayansa ya koma injinan casar shinkafa na Kura, ko lodin tumatir a Kwanar Gafan, inda kuɗin ba lallai ya fi ba, amma akwai mutane.

Abin da na ga ya yi aiki shi ne a daina barin mutum ɗaya da ruwan dare. Mukan haɗa biyu, ko mu daidaita da maƙwabcin gona, yaransa da namu su zauna bukka ɗaya su riƙa zagayawa tare. Nakan je bayan sallar isha'i da shayi da burodi, ba don bincike ba, in zauna in tambayi lafiyar gida, a gaya mini wa ya haihu, wa yake kwance. Wayar ma mun sa ta aiki: muka buɗe zaure a WhatsApp, kowa yana aiko murya in ruwa ya iso ko ya ragu, har da wanda bai iya karatu ba. Ana cikin rahoton ruwa sai tsokana ta shigo, na kuwa bar ta.

Masu gona sukan ce mutum na biyu ƙarin kuɗi ne. Nakan ce su lissafa buhun takin da ruwa ya wanke, da injin ban ruwan da ya ƙone saboda ba mai lura, da wahalar neman sabon yaro a tsakiyar rani, lokacin da kowa yake riƙe da nasa.