Tsohuwar MGB a cikin gosulo: abin da za ka duba kafin ka sayi sabon lagireto

Idan motarka tana gudu lafiya lau a babban titi, allurar zafi na zaune a tsakiya, amma da ka shiga gosulo na minti goma sai ta fara hawa tana neman ja, kada ka bari kowa ya sayar maka da sabon lagireto tukuna. Wannan alamar ta riga ta ba ka rabin amsa. Injin da ya iya sanyaya kansa a gudun kilomita 100, lokacin da yake ƙona mai sosai yana fitar da zafi mai yawa, to abin da ya rasa idan ya tsaya shi ne iska.

Zan yi maka bayanin da motar da na fi sani, MGB ƙirar 1971, 'yar ƙaramar motar nan ta Ingila mai kujera biyu da rufin da ake naɗewa. Ta baffana ce. Ya saye ta a hannun wani Bature malamin makaranta da zai koma gida, ta daɗe a rufe a gareji, yanzu kuma kula da ita ya dawo kaina. An ƙera irinta sama da rabin miliyan a garin Abingdon kusa da Oxford, daga 1962 zuwa 1980, a ƙasar da idan zafi ya kai digiri 30 sai ya zama labarin jarida. Kai kuwa ka san yadda Kano take a watan Afrilu, digiri 40 da ɗoriya, ga kwalta na turiri, ga salansar adaidaita a gabanka tana hura maka wuta.

Abin da ya sa ba na wasa da maganar shi ne kan injin. Na ƙarfen zubi ne, kuma an san shi da tsagewa tsakanin silinda ta biyu da ta uku idan ya sha zafi. Wannan ba kayan da za ka shiga Ƙofar Ruwa ka ɗauko ba ne. Oda za ka yi daga Ingila ko Amurka, ka biya da kuɗinsu, ka jira. Tafasa ɗaya a kan titi tana iya ajiye motar shekara guda.

Ga yadda abin yake. Fankar wannan mota a jikin famfon ruwa take, fanbel ne ke juya su tare, saboda haka gudunsu gudun injin ne. A kan titi injin yana juyawa kusan sau 3,500 a minti, ga kuma iskar tafiya tana shiga ta gaba da ƙarfi, har ma fankar ba ta da wani aiki. A gosulo kuwa injin yana silo, wajen 900. Fanka ta koma kwatan gudunta, famfo ma haka, iskar tafiya babu. Daidai lokacin da aka fi bukatar fankar, lokacin ne ta fi rauni.

Na san wani zai ce ai akwai na'urar OBD2 da ake jonawa a mota a karanta zafin inji a waya. Manta da ita a nan. Sai 1996 aka wajabta wannan soket ɗin a Amurka, motar 1971 kuwa ba ta da kwamfuta ko ta kobo. Abin da zai yi maka aiki shi ne ma'aunin zafi mai kama da bindiga, wanda ake nuna wa abu daga nesa. Amma fa ba irin na goshi da aka cika gari da shi lokacin korona ba, wancan iyakarsa zafin jikin mutum. Na kanikawa za ka nema, mai karanta ɗaruruwan digiri. Idan aljihunka da nauyi, akwai kyamarar zafi irin FLIR One da ake maƙalawa a waya, tana nuna maka lagireto kala-kala. Ni dai bindigar ta ishe ni. Wayar kuma aikinta ta riƙe maka lokaci, ka riƙa ɗaukar hoton allura duk minti biyu don kada ka dogara da ƙiyasi.

Fara da tuhumar allurar kanta. Ma'aunin da ya haura shekara hamsin yana iya ƙarya. Nuna bindigar a kan murfin tamostat, inda tiyon sama ya fita daga inji. Idan wurin yana sheƙi, manna baƙin tef ka auna a kansa, don ƙarfe mai ƙyalli yana rikita na'urar. Digiri 90 ko 95 a cikin gosulo ba obahitin ba ne, muddin ruwa ba ya ambaliya kuma zafin ya tsaya wuri ɗaya. Matsala ita ce zafin da ke ta hawa ba ya tsayawa. Akwai kuma wani abu da ke ruɗa mutane: waɗannan tsofaffin MGB ba su da tankin rarar ruwa. Idan ka cika lagireto har baki, da ruwan ya yi zafi zai kumbura ya tofar da rarar a ƙasa, sai ka ɗauka tafasa yake. Bar masa sarari kamar tsawon gaɓar yatsa.

Sai gwajin da na fi so, wanda ba ya cin ko sisi. Ajiye motar a gida, bar ta a silo har allura ta fara wuce inda ta saba. Ɗauko fankar ɗaki mai tsayuwa, kafa ta a gaban hancin motar, ka ƙure ta. Idan cikin 'yan mintuna allura ta sauko, magana ta ƙare, iska ce. Idan ko gezau ba ta yi ba, to ruwan ne ba ya zagayawa yadda ya kamata, ko kuma injin yana haifar da zafin da ya fi ƙarfin lagireton. A tawa, da na yi wannan gwajin, zafin ya sauko daga 101 zuwa 88.

Idan iska ce, kafin ka kashe kuɗi duba hanyarta. Haska fitilar waya ta bayan lagireto ka leƙa ta gaba. Ƙurar hunturu da ƙwari da ɗan yoyon baƙin mai suna haɗuwa su zama taɓo a tsakanin siraran ƙarafan nan. Wanke daga ɓangaren inji zuwa waje da ruwa marar ƙarfi. Kada ka bari yaran wankin mota su sa masa injin feshi, lanƙwasa ƙarafan zai yi ya ƙara toshe su. Danna fanbel da babban yatsa, ya lotsa kamar santimita ɗaya. Idan ya wuce haka ko cikinsa ya yi santsi, sulɓewa yake. Duba ko wani ya taɓa ɗaura fankar a juye, don a juye ma tana jan iska, sai dai kaɗan.

Sannan ga wanda kusan kowa ke tsallakewa: soson roba da ke toshe tsakanin lagireto da jikin mota da bonet. A tsohuwar mota yawanci ya ruɓe ya faɗi tun tuni. Idan babu shi, iskar zafin da fanka ta tura baya sai ta kewayo ta sama da gefe ta sake shiga lagireton, ya zama kana sanyaya ruwa da iskar da ka riga ka dafa. A gudu ba za ka lura ba, a tsaye ne yake cin ka. Na toshe nawa da soson da masu gyaran AC ke sayarwa, na kuma sa wa fankar kewayen da ke tilasta mata jan iska ta cikin lagireto kawai. Waɗannan biyun sun fi duk sauran abin da na yi tasiri idan aka kwatanta da kuɗinsu.

Yanzu maganar tamostat, don na san da ka kai motar gareji abin da za a fara ce maka ke nan: "Alhaji, a cire shi, na ƙasar sanyi ne." Ban yarda ba, kuma ga dalilina. Tamostat ƙofa ce da ke rufe idan inji na da sanyi, ta buɗe idan ya kai zafin aiki. Ana samun na digiri 74, da 82, da 88. Idan injinka ya kai 100, ƙofar nan ta daɗe da buɗewa gaba ɗaya, cire ta ba zai ƙara wa lagireto girma ba, ba zai ƙara wa fanka gudu ba. Abin da za ka samu shi ne jinkirin 'yan mintuna kafin allura ta kai ja, da injin da ke yawo da sanyi duk safiyar hunturu, yana shan mai yana cin kansa. Abin yi shi ne ka gwada shi. Jefa shi a tukunya, ɗora a wuta, ka ga ko ya buɗe sosai kafin ruwan ya tafasa. Idan ya maƙale, canza shi. Lokacin da na karɓi tawa, wani bakanike ya riga ya cire mata shi da daɗewa, kuma duk da haka tana tafasa.

Murfin lagireto ma ba murfi ne kawai ba. Shi ke riƙe matsi, matsi kuma ke hana ruwa tafasa a digiri 100. Na farkon MGB mai lamba 7 ne, yana kai tafasar wajen 111. Na ƙarshensu mai 15 yana kai ta wajen 120. Idan robarsa ta tsage, duk wannan rarar ta tafi. Sa mai lambar shekarar motarka, kar ka ɗora wa tsohon lagireto matsin da zai fasa shi.

Idan gwajin fankar ɗaki bai sauko da zafin ba, bi fuskar lagireto da bindigar daga sama zuwa ƙasa. Zafin ya kamata ya riƙa raguwa a hankali. Inda ka ci karo da wuri mai sanyi a tsakiya, bututun wurin ya toshe. Ruwan burtsatse ne ke jawo yawancin wannan, yana barin farar ƙasa kamar yadda yake yi wa butar shayi. A gefen injin akwai wurin zubar da ruwa. Idan ka kwance shi ba abin da ya fito, laka ce ta cika wurin, sai an zungure ta da waya an wanke. Bayan nan zuba tataccen ruwa da kulan kamar kashi ɗaya cikin uku. Ruwa zalla ya fi ɗaukar zafi, amma kulan ke hana tsatsa. Idan za ka sayi tataccen ruwan wurin masu batir, ka tabbata ba mai asid suka miƙo maka ba.

Taimin kuma a duba shi da fitilarsa, ba da kunne ba. Wutar da ke zuwa a makare tana sa mai ya ƙarasa ƙonewa a hanyar fita, zafin ya tare a kan inji. Haka ma idan an matse kafireto biyun nan don tsimin mai. Idan kuwa ka ga kumfa na tasowa a bakin lagireto tun inji bai yi zafi ba, ko baƙin mai ya koma kalar shayi da madara, gaskit ne, babu fankar da za ta yi maganinsa.

Fankar lantarki ita ce ta ƙarshe, kuma ba cin amanar tsohuwar mota ba ne, don kamfanin da kansa ya koma gare ta wajen 1977. Jaguar ma da suka sake fasalin E-Type a 1968 sun faɗaɗa mata baki, ga fanka biyu. Wadda ke bayan lagireto tana jan iska ta fi wadda ke gaba tana turawa, idan akwai wuri. Ka tsaya a kan mai wayarin ya sa rile da fis, da makunnin da zafi ke tayarwa, ka ƙara na hannu a kusa da sitiyari. Idan taka ta kafin 1968 ce, dainamo gare ta, ba ya caji sosai a silo, kuma wayarinta a juye yake, jikin mota ne fozitif. Haɗa ba daidai ba, fankar ta juya baya ta riƙa faɗa da iskar tafiya. Saka takarda a gaban lagireto: idan ya tsotse ta, daidai ne.

Ranar da abin ya rutsa da kai a tsakiyar cunkoso kafin ka gama gyaran nan, sa giya a furi ka ɗan taka totur zuwa 1,500 ko 2,000 don fanka da famfo su samu ƙarfi. Kunna hita ka ƙure ta, ƙaramin lagireto ce, ƙafarka za ta gasu amma za ta sauke maka 'yan digiri. Idan allura ta ci gaba da hawa, gangara gefe ka kashe, ka ɗaga bonet. Za ka ga zafin ya ƙara tashi bayan ka kashe, haka yake yi tunda ruwa ya daina zagayawa. Kada ka taɓa murfin sai bayan rabin awa, ka sa tsumma mai kauri, ka murɗa rabi ka jira hucin ya fita. Masu taimako za su zo da fiya wata mai sanyi suna cewa a kwara wa inji. Ka yi musu godiya, ka karɓa ka sha.