Fim Ɗin Hausa A Ma'aunin Alƙaluma

Jama'a, duk lokacin da gardamar finafinai ta kaure a majalisa, kowa da son ransa yake yanke hukunci. Wannan ya ce sana'ar ta mutu, wancan ya ce yanzu ma ta soma. Ni dai na fi so a baje alƙaluma a faifai, domin su ba su da ɗan'uwa cikin 'yan wasa.

A shekarar 2009 hukumar UNESCO ta fitar da ƙididdigar finafinan da aka shirya a 2006. Indiya tana da 1,091, Nijeriya 872, Amurka kuwa manyan finafinai 485. Nan take aka yi ta shela cewa mun zama na biyu a duniya. Amma abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne rabon harsuna: kashi 44 cikin ɗari na finafinanmu da Turanci aka yi su, 31 da Yarbanci, 24 da Hausa. Wanda ya buga lissafi zai ga na Hausa sun kai wajen 200, wato kusan fim huɗu kowane mako.

To, yawan fim ba shi ne yawan kuɗi ba. Waccan ƙididdiga ba ta faɗi kaset ko faifai nawa aka sayar ba, balle nawa masu satar fasaha suka kwafa.

Yau ma'aunin da jaridu suka fi ambata shi ne kuɗin tikiti. Da shi aka san fim ɗin Funke Akindele, A Tribe Called Judah, ya zarce naira biliyan ɗaya a Janairun 2024, na farko cikin finafinan ƙasar nan. Madalla. Sai dai gidajen sinima na zamani sun fi yawa a Ikko, alhali mai kallon Hausa ya koma YouTube da talabijin, yana bin Izzar So da Labarina. Tikiti ba ya ganinsa.

Nan ne abin yake damuna. Mai shirya fim a Kano, in ya je banki neman rance ko gaban hukuma neman tallafi, takarda za a tambaye shi, ba yabon masoya ba. Ga kuwa adadin kallo a rubuce ƙarƙashin kowane bidiyo. A ganina, aikin ƙungiyar MOPPAN ne da malaman Jami'ar Bayero su riƙa tattara shi duk wata uku suna bugawa, tare da yi masa tankaɗe. Kallo miliyan ɗaya ba mutum miliyan ɗaya ba ne: waya guda takan tara gida sukutum, wani kuma shi kaɗai yakan maimaita kallo sau uku.